Sheƙar da muka gina wa shamuwa

Shekarun baya, ina kolej a Badaguishiri, malaminmu na kimiyya ya haɗa mana wata ƴar ƙungiya ta kula da itatuwa da ruwa. Yawanmu don fita aji muka shiga, ni ma ina cikinsu. Wata rana ya kai mu bakin ƙorama ya nuna mana wani babban gawo. Ya ce saiwoyinsa ne ke riƙe da gaɓar, ranar da ya faɗi ruwa zai cinye ƙasar ya cike rijiyoyin garka da yashi. Da waɗannan rijiyoyi mahaifiyata da matan unguwarmu ke ban ruwan kabeji da rani.

Abin da malam bai sani ba, gawon a garkar kawuna yake, yayan mahaifiyata, kuma ya riga ya ce da ya cire albasa zai sare shi. Gawo dai da rani yake ganye, daidai lokacin da albasa ke son rana. Na je na yi masa bayanin zaizayar ƙasa, rabi da Faransanci, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya aike ni ɗauko masa buta. Wasu a ƙungiya suka ce a kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji. Mahaifiyata ta ce in na kai ɗan'uwanta buro, wato ofishinsu, in nemi inda zan riƙa cin tuwo.

Abokina ne ya kawo dabara. A wajenmu ba a sare iccen da shamuwa ta yi sheƙa a kai, domin ita ke shigowa gaban damina, kuma ba mai son a ce shi ya kori baƙuwar ruwa. Ya ce tunda babu sheƙa a gawon, sai mu gina ɗaya.

Ranar kasuwa, kawu ya tafi cin kasuwa, muka tara kirare muka hau. Ƙaya ta yi mana kaca-kaca, wandona na lakwal, wato na makaranta, bai sake moruwa ba. Duk yadda muka jera kiraren sai iska ta watsar, don haka muka ɗaure su da igiyar rama. Daga ƙasa mun ga ta yi kyau ƙwarai.

Washegari kawu ya sa aka kira ni. Na same shi a gindin gawon da gatari a kafaɗa, ya ɗaga kai yana kallo. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ɗan lakwal, shamuwar bana ta koyi ɗaurin igiya ke nan?"

 Sannan ya ce, "Na bar shi har ruwan fari. In mai gidan ta zaka, icce nata na. In ba ta zaka ba, kai ka riƙa mani gatari."

Ban taɓa kallon sama kamar a wannan bazarar ba. Kullum aka tashi lakwal sai mu bi ta garka. Shamuwa suka fara isowa gari, suka sauka a kan kukar masallaci inda suka saba, gawonmu ko hankaka bai kula shi ba. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, manoma na murna, ni kuwa ina ƙirga kwanaki.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka, mahaifiyata ta dawo daga rijiya ta ce in je in ga abin dariya. Shamuwa biyu ne a kan gawon. Sheƙarmu ba su ko taka ta ba. Suna zare kirarenmu ɗaya bayan ɗaya, suna kai su wani reshe can sama suna ginin tasu. Kawu na tsaye yana kallo, ya ce sun ƙi ginin ƴan boko amma sun karɓi kayan aiki. Da rani ya zagayo, ya matsar da fangalin albasarsa gefe.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin wayon da muka yi. Sai da na girma na lura kawu ya gane tun kallon farko, gatari na hannunsa, ba wanda zai hana shi, amma ya zaɓi ya jira tsuntsu. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Gawon na nan, rijiyoyin na ba da ruwa, kuma in ka duba da kyau za ka ga guntun igiyarmu a reshen ƙasa, icce ya haɗiye rabinta.