Gudumar Ruwa Ba Ta Hawa Tudu

Duk wanda ya san Kawu Tanimu a unguwar Walia ya san akwatunansa uku na kayan aiki: na gida, na mota, na kwalekwale. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya baje ƙarafansa a tabarma, ya bi su ɗaya-ɗaya yana shafa musu man gyaɗa. Mu 'ya'yan gidan ƙafafunmu duk faso, amma kile ɗin kwance tayar mota sheƙi yake kamar ango!

Dokarsa ɗaya ce: kayan wani akwati ba sa shiga aikin wani. Wai ƙarfen da ya sha ruwan kogin Shari tsatsa ce a jikinsa, kuma tsatsa ana ɗauka kamar ƙyanda.

To, ƙofar ɗakin girkin matarsa, Inna Hajara, ta faɗi, ga gudumar gida ta rabu da ƙotarta. Awakin maƙwabta suka samu gidan biki, kullum suna cikin buhun geronta.

"Malam, ga guduma can a akwatin kwalekwale."

"Hajara, gudumar ruwa ba ta hawa tudu."

"Awakin fa?"

"Su ma bayin Allah ne."

Ya ce zai sayo sabuwa, ya ja ni kasuwa. Jama'a, ko mai neman aure bai kai shi bincike ba! Ya ɗaga guduma, ya ƙwanƙwasa ta a dakali, ya kara a kunne.

"Wannan muryarta ta maƙaryata ce."

Ya shinshina wata, ya ajiye. Mai shagon, wani Bakano, ya gaji: "Alhaji, ƙusa za ka buga ko limanci za ka ba ta?" Muka dawo hannu rabbana. Haka muka yi ta zarya har buhun ya koma rabi, awakin suka yi kumatu.

Ranar da Inna ta kai bango, ta ce, "Kalas, ya isa haka!" Ta ɗauko taɓarya, ni na riƙe ƙusa ina kalmar shahada, ta kafe ƙofarta daram. Kawu ya dawo, ya girgiza ƙofar, ya duba ƙusoshin.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Taɓaryata."

"Madalla! Ashe kayan aiki ce."

Ya shafe ta da mai, ya kai ta ɗakin akwatuna, ya danna kwaɗo. Daga ranar, in Inna za ta yi daka sai ta nemi izini, ta kuma dawo da ita a goge kafin magariba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya sa na ɗauko taɓaryar. Ya miƙa mata da hannu biyu, muryarsa da ƙyar take fita: "Ki riƙe a wajenki, Hajara. Ke kaɗai na yarda da riƙonki." Inna ta fara dariya, ta ƙare da toshe baki da mayafi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa. Ita kuma Allah ya ba ta haƙurin zama a gidan da babu mai sa ta faɗa. Amin.