Wankin injinan Kawu Ɗanlami

Ina tsugune a tsakar gidanmu a Akurba, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, ina goge injinan yankan katakon Kawu Ɗanlami da kananzir da tsohon buroshi, sai ga shi ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

Tun bara hannunsa na dama ya shanye. 'Ya'yansa suka yanke shawarar sayar da injinan, suka ce kada a gaya masa tukuna. Ni da nake zaman jiran bautar ƙasa aka ba wankin.

"Yawwa, ɗan boko," in ji Kawu. "Cire sarƙar ka jiƙa ta daban, ka leƙa filogi ma. Da ruwa ya ɗauke zan koma dajin Adogi. Ka ga yatsun sun fara motsi."

Na duba sosai. Ba su motsa ba.

Na ce, "To, Kawu. Allah ya ƙara sauƙi."

Ranar Asabar yana asibiti, mai saye ya zo daga Assakio ya kwashe su. Da Kawu ya dawo, ya daɗe tsaye a ƙofar sito. Bai yi faɗa ba, ya dai juyo ya dube ni.

"Ashe kwalliyar tafiya ka yi musu. Da ka faɗa mini, da na wanke su da kaina, ko da hannu ɗaya ne."

Har yau na kasa haɗa ido da shi. Jama'a, da ku ne a wurin, da kun faɗa masa?