Yatsa a Kan Shafen Sukari

Shekara ashirin da shida ta yi a gidan burodi, amma ba ta taɓa kwaɓa burodi ba. Aikinta yana can ɗakin ƙarshe, inda ba a kunna fanka, ba a buɗe taga: ita ke shafa wa biskit sukari. Shi ya sa har yau mutanen benen da take zaune suke ce mata Mai Shafe, ko da yake ta bar aikin tun da gwiwoyinta suka fara yi mata gardama.

Shafen ba wani abu ba ne. Garin sukari da aka tankaɗe sau biyu, farin ƙwai, ɗigon ruwan lemun tsami. Wahalar tana bayan an gama, domin sai ya yi awa shida ba a taɓa shi ba kafin ya bushe ya yi ƙyalli. Ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya nuna. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa raina mata wannan doka, mijinta, direban bas. Duk shekara idan biki ya matso ta jera tirenta a sito, sai ya lallaɓa ya dangwala yatsa a guda ɗaya, ya lashe, ya fito yana rantsuwa ƙuda ne.

"Ƙuda mai farce?" takan ce.

"Na zamani ne, uwargida."

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ita kaɗai take zaune a hawa na uku, ɗaki biyu da sito, kuma ba ta da niyyar barin wurin da ƙafarta. Sai dai wata biyu da suka wuce ta ɗora butar shayi ta manta har gindin butar ya huje. 'Yarta, wadda take kira Auta, nas ce, kuma ba ta ɗauki abin da wasa ba.

"Mama, saura ɗaya. Kika sake mini irin wannan, wallahi da kaina zan naɗe katifarki. Ga ɗaki can a gidana."

Ta san ɗakin. Nan mijin Auta ke tara takardunsa, tagarsa na kallon bango.

Ana saura kwana uku biki ta tashi da sassafe ta murza kwaɓinta da tsohuwar kwalba, ta yanka taurari da zobba, ta gasa. Da hantsi ta gama shafe tiren farko, fari tas. Ta sa a kan kantar sito, ta kulle, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Da la'asar ta buɗe. Layin gaba, guda bakwai, kowanne da ramin yatsa a tsakiyarsa. Ba a ci ko ɗaya ba, ba a gusar da ko ɗaya ba. An dai danna su ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai ƙirga wani abu.

Tsikar jikinta ta tashi. Ta duba taga, a rufe take. Ɓera ba ya aiki a jere haka. Ta daɗe a tsaye tana jin ƙanshin bota da lemun tsami, sai ta ji bakinta ya ce, "Kai ne?"

Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai ɗumi da ta ji kunyarsa, don ta san daɗi ne. Idan shi ne, to shi ne, magana ta ƙare. Ba ta tsaya tambayar kanta ba me ya sa mutumin da bai taɓa wuce guda ɗaya ba yana raye zai danna bakwai.

Washegari ta shafe tire na biyu. Wannan karon ta ɗebo fulawa a rariya, ta yi ta tankaɗawa a ƙasa tana ja da baya, har daɓen siton ya rufe ruf. Ta kulle, ta jawo kujera ta zauna tana fuskantar ƙofar. Daga ƙarfe goma har huɗu. Ta ji yaran hawa na biyu sun dawo makaranta, ta ji mai gyaran famfo yana buga bututu. Da za a ba ta rantsuwa, za ta rantse ko ruwa ba ta tashi sha ba.

Da ta buɗe, ga sawu a cikin fulawar. Ƙafa ba takalmi, ta shiga, ta tsaya gaban kantar, ta fito. Tiren duka an danne shi, ashirin da huɗu, babu wanda ya tsira. Sawun ƙarami ne. Mijinta kuwa sai an sha yawo a kasuwa kafin a samo takalmin da zai shige shi.

Ba ta sunkuya ba. Ta ɗaga kai tana kallon silin, a haka ta taka har banɗaki, ta sakar wa ƙafafunta ruwa, ta cuɗa su da juna. Sai da ta tabbatar ruwan ya gama tafiya sannan ta duba ƙasa.

Da ta zauna ta yi lissafin abin da ke gabanta. Gobe Auta za ta zo karɓar na yaranta. In ta ce mata babanki ne, za a naɗe katifa. In ta ce ban sani ba, za a naɗe katifa. Sai ta tashi ta dama ɗan shafe, ta ɗiga masa jar kala, ta ɗauki tsinke ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana cike su. Kafin rana ta faɗi, kowane tauraro ya yi jan ido a tsakiya.

Auta ta iso da rana, da kayan aiki a jikinta, tana haki saboda matakala.

"Wannan benen naku zai kashe ni kafin ke. Kai! Mama, wannan jan idon fa? Sabon salo?"

"An ce miki tsufa hauka ne?"

"Ni ban ce ba." Ta ɗauki ɗaya ta gatsa, amma idonta na yawo, kan murhu, kan kwalaben magani, kan sabuwar buta. "Kina shan na safen nan kuwa?"

"Ƙirga ki gani, likita."

"Nas dai."

"Da wannan bakin naki ai kin wuce likita."

Auta ta yi dariya, kafaɗunta suka sauka. Ta zauna a teburin kicin, inda tire na uku yake, wanda aka shafe da safe, bai gama bushewa ba. Mai Shafe ta ƙi kai shi sito, ta ce a ranta gara ya zauna inda ido ke ganinsa. Auta ta shiga ba ta labarin gida, yadda mijinta ya sayo sabuwar kanta ya kafa a ɗan ɗakin nan, wai takardu sun yi masa yawa, ita kuma ta ce masa ai ba yanzu za a buƙaci ɗakin ba, tunda Mama garau take.

Mai Shafe na cikin sauraro ta ga hannu ya miƙa kan tiren. Hannun dama ne, da tsohon tabon ƙuna a wuyansa. Yatsa ya sauka a kan tauraron farko, a hankali, ya danna, ya ɗaga, ya matsa na biyu. Tana kallonsa kamar yadda ake kallon hannun wani a cikin mota. Ba ta aike shi ba, kuma ba ta san ta inda ake kiransa ya dawo ba.

Auta ta yi shiru a tsakiyar magana. Idonta na kan tiren. Na uku. Na huɗu.

Mai Shafe ta jira a ambaci katifa.

Auta ta juya ta buɗe jakarta, ta daɗe tana lalube a ciki. Da ta ɗago, fuskar uwarta kawai ta kalla, ba ta yarda idonta ya sauka ƙasa da haɓa ba.

"Haka ake yin ramin ashe," ta ce. "To Mama, bari in gudu, na bar mutane a layi. Ki zuba wa yaran masu jan idon."

Ta zuba mata a roba. Auta ta rungume ta da sauri, ta ce sai bayan biki, in an samu sarari.

Mai Shafe ta tsaya bakin ƙofa tana jin takun 'yarta yana sauka, hawa na biyu, hawa na ɗaya, da sauri fiye da yadda ya hau. Ɗakinta ya zama nata, babu mai naɗe katifa. Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta koma kicin. Rana na kan tiren, saura ashirin masu santsi. Ta jawo kujera nesa da teburin, ta sa hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu.