Cikin Raliya Ya Yi Shiru

Bilyaminu mahauci ne ɗan mahauta, haifaffen Kakangi. Da zaman ƙauye ya gagara, sai ya kwaso iyalinsa zuwa cikin Birnin Gwari, ya kafa tebur a bakin kasuwa yana sayar da kayan ciki. Mutum ne marar yawan magana, sana'arsa kuwa ya iya ta. Ya sha ganin hanjin akuya yana ci gaba da motsi a tasa bayan yanka, yana matsewa yana saki shi kaɗai. Bai taɓa tambayar dalili ba. Ikon Allah ne, wannan ya ishe shi.

Babbar 'yarsa Raliya ita ce mai bakin gidan, ita kaɗai ke iya sa shi dariya har haƙoransa su fito. 'Yan bindiga sun ɗauke ta a gona lokacin roron wake, ita da wasu mata, ba ta dawo daga daji ba sai da bazara ta kama. Ta dawo zanenta yana zagaye ta sau biyu. Ta ce tuwo dunƙule ɗaya ake ba su ba miya, wata rana ma babu.

A garin, duk wanda ya kuɓuta daga daji abinci ake fara tarbarsa da shi. Maƙwabta suka yi ta aiko da kwanuka. Bilyaminu bai bar wa kowa tukunya ba, da hannunsa ya zaɓo hanta da ƙoda da tumbi, ya dafa farfesu mai maiƙo, aka haɗa da tuwon shinkafa.

Raliya ta leƙa kwanon ta ce, "Baba, yau teburin gaba ɗaya ka juye mini? Masu saye fa?"

"Su ci haƙuri. Ci dai. 'Yar mahauci da ƙasusuwa a waje, ai abin kunya ne."

Ta ci, ya ƙara mata, ta sake ci don ta ga yana murna.

Bayan haka cikinta ya fara kumbura. Ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Aka jiƙa tsamiya, aka gwada kanwa, duk abin da ta sha sai ya dawo. Da aman ya koma kore, Bilyaminu ya ɗauke ta zuwa asibiti.

Likitar da ta duba ta, wata mai suna Helen, ta daɗe da abin sauraro a kan cikin. Da ta ji sana'arsa, sai ta yi masa bayani da abin da ya sani.

"Baba, ka san hanji yana motsi da kansa. A jikin bangonsa ake yin wani sinadari, sirotonin. In abinci ya danno bangon sai a sake shi, ya je ya sauka a wuraren da aka yi don karɓarsa a jikin jijiyoyi. Su kuma jijiyoyin su umarci naman hanji ya matse ta bayan abincin, ya saki ta gabansa. Haka loma ke tafiya. Cikin Raliya yanzu shiru ne."

"To ki ba ta shi mana, Likita. Allura ce ko ƙwaya?"

"Ba rashinsa ne matsalar ba. A ganina saƙon yana zuwa, naman ne ba shi da ƙarfin amsawa. Doguwar yunwa tana cinye wasu gishirai na jiki. In abinci mai nauyi ya shigo lokaci guda, sai ya janye ɗan ragowar da ke cikin jini."

Bilyaminu ya kalli hannayensa, sannan ya tambaya.

"Farfesun ne?"

Likita ta ce, "Kowa haka yake yi a garin nan, Baba." 

Aka zura wa Raliya roba ta hanci, aka ɗaura mata ruwa. Likita ta ce sai an kai ta Kaduna, can ne za a auna jinin a san abin da za a mayar mata. Motoci kuwa a lokacin ba sa bin hanyar sai a ayari, da rakiyar masu tsaro, kuma ayarin ranar ya riga ya tashi. Bilyaminu ya zauna a gefen gado. Lokaci lokaci sai ya kara kunnensa a cikinta, ko zai ji ƙugi.

Raliya ta buɗe ido ta ce a hankali, "Baba, me kayan cikin nawa suka ce maka?"

"Har yanzu fushi suke yi."

"Ka ce musu ni na ci, ba kai ba."

Washegari suka samu kujerar baya a wata mota, kanta a cinyarsa, ledar ruwan a rataye jikin taga. Sun yi nisa, daji hagu daji dama, sai numfashinta ya yi tsawo, ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Bilyaminu ya jira. Bai dawo ba. Ya shafa mata ido, ya yi salati, ya ja mayafinta ya rufe mata fuska.

Direba ya gani ta madubi, ya yi salati shi ma.

Bilyaminu ya ce, "Ɗan'uwa, ko za mu juya gida?"

"Ka gafarce ni, Malam. A nan ba a tsayawa, ba a fita daga layi. Sai mun isa."

Motar gaba ta ƙara wuta, tasu ta bi ta. Bilyaminu ya dafe Raliya da hannu biyu saboda ramukan hanya, suka ci gaba da tafiya Kaduna.