Neman Shuni a Gindin Doka

Ana idar da sallar asuba muka kora jaki muka bar Gusau, ni da maƙwabcina mai bugu, wato bugun rinannun tufafi, wanda ya nace sai ya raka ni. Ku da kuke ta tambaya ina na shiga, to ga labarin, kada wanda ya sake tare ni a bakin marina.

Kun san rijiyar rinina ta mutu tsakiyar damina, baban rinin da na shuka kuma ruwa ya cinye shi. Ga zanen Inna, yayar mahaifiyata, a hannuna. Ita ta kaɗa zaren da kanta, fiye da shekara tana fama, ido yana dushewa. Da masaƙi ya gama ta kawo mini, ta ce in rina mata baƙi wuluk ta ɗaura ranar Sallah, don ita da mazari sun yi sallama ke nan. Ina cikin wannan zulumi wani Bafillace ya gaya mini a kasuwa cewa bayan duwatsun Tsafe akwai naman kaza wanda in an karya shi sai ya koma shuɗi. Shi hira yake yi. Ni kuwa marini ne, na ji abu yana shuɗi in ya sha iska, ai ba ni da sauran zama.

Hanyar Tsafe a marka ba hanya ba ce, taɓo ne da rafuka. Jakin nan in ya ga ruwa sai ya kafe, sai an yi masa lallashi kamar baƙo. Mun wuce leburori suna sare daji, wai ta nan jirgin ƙasa zai bi. A zangon Kwatarkwashi muka ci tumu, nono kuwa har roƙonka ake yi ka saya, amma gishiri ya yi tsadar da miyarsu duk lami ce. Abokin tafiyata bai rufe baki ba tun daga ƙofar gari, yana ta ce mini abin da kwaɗo ke fakewa a ƙarƙashinsa ba ya zama sana'a. Na so in mayar da shi gida, sai dai shi ya iya jakin.

A Tsafe duk wanda na tambaya sai ya yi dariya ya kira wani ya zo ya ji. Da ƙyar muka gano rugar Bafillacen. Ya shayar da mu, ya kai mu wani kurmin doka, ya nuna da sanda ya ja baya.

Gaskiya ban taɓa ganin irinsa ba. Hularsa ta kai tafin hannu, ja-ja kamar sabuwar tukunya, tana da santsi in ta jiƙe. Ƙarƙashinta babu layi-layin nan na laimar kwaɗi da muka sani, sai ƙananan huji cunkus, rawaya, kamar soso. Ƙafarsa gajera ce mai kauri, ta fi kumbura daga ƙasa. Ƙamshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa ne. A gindin doka kaɗai yake fitowa, na duba gindin kaɗe da na ɗorawa ban ga ko ɗaya ba, kuma shanu ba sa taɓa shi. Na karya guda. Cikinsa rawaya ne kamar gwaiduwa, kafin in ɗaga kai ya yi kore, ya zarce shuɗi. Na goga a bakin rigata, ya kama. Wallahi sai da na yi kabbara, don haka zane yake yi in an tsamo shi daga rijiya. Na tambayi sunansa, Bafillacen ya ce su ba su raɗa wa abin da ba a ci suna.

Muka cika mangala, muka juya sai Bungudu, wurin tsohon da ya koya mini rini. Na ratse ta bayan Gusau don kada ku gan ni ku fara. Nan abin ya soma lalacewa. Kwana ɗaya ya yi laushi, na biyu ya fara zubar da ruwa, tsutsa ta fito, ƙudaje suka bi mu kamar mahauta. Matan da ke wanki a bakin gulbi suna toshe hanci. Mai bugu ya koma tafiya can gaba, in an tambaye shi sai ya ce bai san ni ba.

Tsohon ya zaɓi wanda ya fi dama, ya juya shi, ya shinshina, ya tara dattawan unguwa. Wani ya ce dafi ne, wani ya ce abincin aljanu, wani ya rantse kakansa ya taɓa ganinsa, da aka matsa masa sai ya ce wancan fari ne. Aka watse babu wanda ya san shi.

"Baba, a ba ni rijiya guda in gwada," na ce.

"Wanga abu ba ya shiga rijiyata," in ji shi. "Ga kwatarniya can. Kuma ka gwada da tsumma."

Tsumma kuwa na gwada, ya fito ruwan ƙasa-ƙasa. Amma wane marini ne ke yanke hukunci a tsomi na fari? Ga Sallah ta matso, ga abin yana narkewa a gabana, wanda ya rage ba zai kai gobe ba. Na daka shi duka da toka, na tsoma zanen Inna, na tsamo, na shanya. Muka zauna muna jiran iska ta yi aikinta, ni da tsohon da ya hana, don shi ma idonsa na kan igiyar. Har aka kira la'asar zanen yana nan kalar ruwan gulbi. Na duba bakin rigata, shuɗin da ya ɗauke mini hankali a Tsafe shi ma ya koɗe.

Tsohon ya tausaya ya buɗe mini rijiyarsa. Muka wanke, muka tsoma, muka sake tsomawa. Inda yauƙin ya zauna shuni ya ƙi shiga, zanen ya fito dabbare-dabbare. Kafin mu ɗaura wa jaki kaya, mutanen Bungudu sun sama wa abin suna, wai naman kazar marini. To, in kun ji shi a bakin wani, ni ne marinin.

Mun shigo Gusau da hantsi. Abin da na koyo bai da yawa: ba duk shuɗi ne shuni ba, kuma gwaji da kayan kanka ake yi. Ban tsaya gida ba na wuce wurin Inna, don na fi so ta ji daga bakina. Ta kai zanen kusa da idonta, ta bi shi da hannu tun daga wannan baki har wancan. Na so ta yi faɗa, ta ƙi.

"Sannu da hanya, ɗan nan," ta ce. "Da ka bar mini shi fari, da ya yi mini likkafani."

Ta ninke shi, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta ce a kawo mini ruwa.