Muryar Bashar ba ta kwana a wayar kowa ba

Yau da safe ina ɗaura takalmi zan fita makaranta aka kira ni aka ce Bashar ya rasu.

Bashar mai albasa na Alelu, wanda muke kira Injiniya don tsokana. Mota ce ta buge shi a kan babur, yana hanyar Aliero kai kaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya taɓa zama majalisarmu ta Jega Firchin ya san shi. Manomi ne, bai taɓa koyon gyaran waya ba, amma ba a yi wayar da ba shi da ra'ayi a kanta ba. Ka sayo sabuwa kana ɗoki, ya karɓa ya juya bayanta ya ce, "Ticha, idanun kyamara ukku kamar murhu, amma batir bai kai la'asar. An cuce ka." Idan waya ta nemi a sabunta manhaja, sai ya ce ƙarya take, so take ta tsufa da wuri ka sayi wata. Mu yi ta musu har shayi ya huce, kuma ba ya taɓa sauka daga kan maganarsa.

Surutun ne kawai. Zuciyarsa fes take.

Shi ya ƙara wa mahaifina girman rubutu a waya lokacin da idonsa ya fara rauni. Tsofaffin unguwarsu shi ke zuba musu karatun Alƙur'ani a memori, kuma a solarsa rabin maƙwabta ke caji. Kowace kaka sai ya aje min albasa a ƙofar gida ya wuce ko sallama bai yi ba, don kada in yi godiya.

Abu ɗaya ya tsana: ya ga waya ta cika. Bashar ba ya rubutu, saƙon murya yake turawa, dogo, har da tari da gaisuwar masu wucewa. To don kada muryarsa ta cika mana waya, duk wanda suke hira sai ya saita saƙonnin su riƙa gogewa da kansu bayan kwana ɗaya. Haka yake yi a rudunsa na ajiyar albasa, kullum yana tsince wadda ta fara ruɓewa kafin ta ɓata sauran.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Jega ce. Na ce masa ya cire min wannan saitin, ina son in riƙa ajiye wasu saƙonni. Ya yi dariya ya ce, "Mi za ka yi da tsohuwar magana? In kana son muryata ka kira ni, ina nan."

Yana nan.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Inna, mahaifiyarsa, gaisuwa. Ta daɗe ba ta gani. Da murya take gane shi tun daga bakin zaure. Mata na ta miƙa wa juna waya suna kallon hotunansa suna kuka, ita tana zaune a gefe. Da ta ji ni sai ta kama hannuna.

"Ticha, kai na? An ce kullum shina aiko maku magana cikin waya. Hoto bai yi mini komi. Kunna mini muryatai in jiya."

Na ciro waya da sauri, don jiya kafin azahar ya turo min saƙo yana kushe wata caja da na saya. Na buɗe hirarmu. Wayam. Muna can muna binne shi lokacin saƙon ya cika, ya goge.

Na fita waje na bi abokanmu ɗaya bayan ɗaya. Babu. Matarsa ta duba tata, babu. Tasa wayar kuma ta farfashe a kan titi. Mutumin da ya fi kowa surutu a ƙasar Jega, an rasa ko sallamarsa a wayar mutum ɗaya.

Na koma na durƙusa gabanta, bakina ya kasa faɗar gaskiya. Na ce mata sabis ne ya ɗauke.

Ta ce, "To ba komi, ɗana. In ya dawo ka kunna mini. Ina nan zaune."

Wallahi ban san da wace fuska zan koma gidan nan gobe ba.

Abokan cinikinsa na Aliero, Maiyama da Birnin Malam, don Allah ku duba wayoyinku, ko tsohuwar da kuka jefa a akwati. Ko bidiyon biki ne da aka ji shi yana magana a gefe. Ina roƙo ne kawai, amma zuciyata ba ta sa rai, don na san hali: ba wayar da ta shiga hannun Bashar ta fita bai share ta ba.

Allah Ya jiƙanka Injiniya, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba Inna haƙurin da mu ba mu da shi.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Ya sa da tsohuwar da ke zaune tana jiran sabis.