Na Hana A Yanki Nonon Matata

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ni lebura ne a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Aji huɗu na yi a firamare, amma ina jin kaina kamar alƙali. Matata 'yar masunta ce daga fadamar Hadejia, bandar kifi take yi, mace mai dariya ko a cikin hayaƙi.

Tana shayar da 'yarmu ta fari ta ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nononta na hagu. Aka yaye yarinya bai baje ba. Muka hau jirgi zuwa Kano. Likita ya taɓa, ya ce ba su da na'urar da za ta nuna masa cikin nono, sai dai ya yanki ɗan nama a auna. Ni kuwa tun ina yaro nake ji a gidanmu cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na miƙe na ce ba da matata ba. Ta riƙe bakin rigata, ta kira ni Malam a hankali, ta ce in bari su yanka, ai ko kifi sai an farke cikinsa ake sanin yana da ƙwai. Na ce ta bar zancen kifi a nan, asibiti ne. Ta yi murmushi ta ɗaura gyale.

Damina biyu muna shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ba ta taɓa ce mini ga abin da na jawo ba. Da hannunta ya daina ɗaguwa, ni nake juya mata kifi a kan banda, tana tsokanata wai na ƙona mata tarwaɗa. Da muka koma Kano, likita ya dube ni ya ce mun makara. Ciwon da ba ta tashi ba ke nan.

Bara 'yar tamu ta ji irin ƙullutun. Da kaina na kai ta. Suka goga mata wata na'ura, hoto ya fito, suka ce ruwa ne, ba sai an yanka ba. Na fita waje na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ku maza, jikin ba naku ba ne. In hoto aka ce, ku kai ta. In yanka aka ce, ku tambaye ta, sannan ku yi shiru ku ji amsa. Tawa ta ba ni amsa, ni ne ban ji ba.